Mujalla Mai Shafi 32: Aikin Wasu Ɗaliban Jarida a Birnin Kebbi Lokacin Yajin Aikin 2022

Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata 8 cur ɗalibai suna zaune a gida. Cikin waɗanda suka dawo Birnin Kebbi akwai samari da 'yan mata tara masu karanta aikin jarida a jami'o'in Kano da Zariya da wasu wurare, yawancinsu 'yan aji uku. A zangon da yajin ya katse ne ya kamata wasunsu su yi darasin haɗa jarida da mujalla, wanda a ƙarshensa aji kan fitar da mujallar gwaji a ba shi maki. Da zaman ya ƙi ƙarewa sai suka ce bari su yi mujallar a gida, da kuɗinsu, ba don maki ba. Ɗaya daga cikinsu ɗiyar ƙanwata ce, ita ta jawo ni ciki saboda na daɗe a aikin, aka ɗora ni a matsayin mai ba da shawara. Na gindaya musu sharaɗi: ba zan rubuta musu ko layi ɗaya ba, amma duk abin da zai tafi maɗaba'a sai sun nuna mini inda suka samo shi.

Abin da ya sa na ga ya dace a rubuta yadda aikin ya gudana shi ne gardamar da ake yi kan ko karatun jaridar takarda yana da sauran amfani. Masu cewa zamaninsa ya wuce suna da hujja. Jaridun Abuja da Legas sai sun sha doguwar tafiya a mota kafin su iso Kebbi, labarin da ke ciki kuwa tun daren jiya ya gama zagaye wayoyi. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta rarraba tsohon kwas ɗin sadarwa gida 7, aikin jarida ya zama reshe guda a gefen talla da hulɗa da jama'a da fim da rediyo da talabijin. Duk da haka ni ina da yaƙinin akwai horon da takarda ke yi wa ɗan jarida wanda waya ba ta yi masa. Wanda ya san zai iya goge kuskurensa cikin minti ɗaya ba ya tsoron kuskure. Wanda ya san rubutunsa zai fito kwafi 500 ya bazu a hannun mutane, babu hanyar kiransa ya dawo, shi ne ke tsayawa ya sake tambaya. Magana zarar bunu ce, ta bugawa kuwa ta fi.

Me za a buga, kuma da wane harshe

Sun riƙa haɗuwa da hantsi a wani ajin Islamiyya da aka ara musu a Badariya. Zaman farko a musu ya ƙare. Duk wanda ya taɓa riƙe mujallar ɗalibai ya san kamanninta: hoton shugaban jami'a, hoton shugaban sashe, saƙonnin fatan alheri, maƙala kan illar shaye-shaye da aka kwaso daga intanet, sai hotunan 'yan aji kowa da kirarinsa. Ba laifin ɗalibai ba ne kacokan. Mujallar da ba za ta fita ƙofar makaranta ba, mai karanta ta malami ɗaya ne, shi ma don ya ba da maki, ba abin da zai sa a wahala a kanta. Wani yaro ɗan Augie ne ya karya wannan tsari. Ya ce mahaifinsa da yayyensa suna fadama a daidai lokacin, suna neman fetur ɗin ban ruwa ido rufe, kuma bai ga jaridar da ta je ta tambaye su halin da suke ciki ba.

Ya taɓo inda ke wa kowa ƙaiƙayi. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, Anchor Borrowers, a Nuwamban 2015. An rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 don daƙile fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa a fadamun jihar. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja, gidajen talabijin suka yi ta nunawa. Wata guda bayan haka ƙarancin fetur ya auko saboda gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar, sannan yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da kuɗin taki da na gas. Shinkafar rani da injin ban ruwa take rayuwa, injin kuma da fetur. Aka tsayar da cewa babban labarin mujallar shi ne yadda ƙaramin manomi ke samun kuɗin noman rani da yadda yake biya.

Sai batun harshe. Wasu suka nace sai Turanci, saboda da shi ake koyar da su, kuma mujallar ce za su nuna ranar neman aiki. Editar da suka zaɓa, wata 'yar Jega mai ƙarancin magana, ta yi musu tambaya ɗaya: manomin da za a yi hira da shi, zai iya karanta abin da aka ce ya faɗa, ko a karanta masa ya gane? Aka tuna musu cewa jaridar Hausa ba baƙuwa ba ce, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya tun Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ga Aminiya ana sayen ta a kasuwa. Aka daidaita: babban labari da mafi yawan shafuka da Hausa, taƙaitawa da wasu maƙaloli da Turanci. A nan aka gano yawancinsu ba su taɓa zama sun koyi ƙa'idojin rubutun Hausa ba. Suna haɗe "ya na" da "yana" yadda suka ga dama, suna rubuta "kasa" inda suke nufin "ƙasa". Wani malamin Hausa na sakandare ya ba su yammaci biyu kyauta, kuma shi ya zama mai duba rubutun ƙarshe.

Kuɗi

Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka naɗa ɗaya manajan talla. Tsarin farko shafi 40 ne, bango mai launi, da shafi 8 masu launi a tsakiya. Daga nan suka fara koyon abin da ba a cika tsayawa a kansa a aji ba. Mujallar da ake naɗewa a ɗinke ta da waya a tsakiya, shafukanta hurhuɗu suke tafiya, babu mai shafi 33 ko 35, kuma mai maɗaba'a ya fi son takwas-takwas saboda yadda ake jera shafuka a babban falle. Baƙin rubutu faranti ɗaya yake ci, wato fallen ƙarfen da ake ɗora wa shafi a ɗaura a injin bugu. Hoto mai launi faranti 4, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma a tsohon injin Heidelberg mai launi ɗaya irin na maɗaba'ar da suka je, sai takardar ta bi ta cikin injin sau 4. Takardar kanta daga waje ake shigo da ita, tunda masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasar, don haka farashinta da dala yake tafiya.

Lokacin na zaɓen fidda gwani ne, Mayu zuwa Yuni. Wani mai neman kujerar majalisa ya aiko cewa zai ɗauki nauyin bugun gaba ɗaya in hotonsa zai hau bango. Ba su daɗe a kan wannan ba suka ce a'a, domin tarkon a fili yake. Wanda bai fito fili ba shi ne tallan bangon baya. Manajan talla ya samo shi tun da wuri daga wani Alhaji mai shagon taki da injinan ban ruwa, wanda kuma yake sayen shanshera, wato shinkafar da ba a kai injin casa ba. Ya biya kuɗinsa lakadan, kuma kuɗin ne mafi tsoka a asusun. A lokacin babu wanda ya san sunansa zai taso a cikin babban labarin.

Buhun da ba ya ƙoshi

Editar ta hana ɗan Augie rubuta labarin, tunda gidansu ma suna cin irin wannan bashi. Ya ji zafi, amma hukuncin daidai ne. Aka bar shi ɗan jagora, aka zaɓi ƙauyen da ba nasu ba a fadamar Argungu, ɗiyar ƙanwata da wani abokin aikinta suka yi hirarrakin. Tsarin da suka tarar ba ɓoyayye ba ne. Manomin da ba shi da kuɗin fetur da taki yakan je wurin mai saye ya karɓa, a kan in an yanke zai biya da buhunan shanshera a farashin da aka yanke tun ranar karɓa. Babu takarda, babu sikeli, shaida kawai da amana. Ƙorafin da suka yi ta ji shi ne buhun da ake zuwa karɓar biya da shi ba irin na kasuwa ba ne, an ƙara masa baki. Wani dattijo ya ce mata: "Ɗiyata, mu munka sha rana, su sunka zo da buhu. Buhun ga nasu ciki garai, ba shi ƙoshi." Shi a lissafinsa, buhu biyu na mai bashi sun kai uku na kasuwa. Kuma sunan da ya ambata na Alhajin da ya biya tallan bangon baya ne.

Ta dawo da zumuɗi, ta rubuta labarin a dare ɗaya. Rubutu ne mai daɗi, mai zafi, irin wanda in an ɗora a Facebook kafin la'asar ya zagaye jihar. Ta kawo mini tana cewa, "Kawu, mun kama shi." Na tambaye ta wa ya auna buhun. Ta ce manoma huɗu ne suka faɗa, bakinsu ɗaya. Na ce manoma huɗu masu bashi a wurin mutum ɗaya, a ƙauye ɗaya, a majalisa ɗaya suke hira, to majiya ɗaya ce mai baki huɗu. Ba ƙaryata su nake ba. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa, amma abin da ke hannunta zargi ne, kuma tana shirin buga shi a matsayin tabbas a kan mutumin da ke da suna da 'ya'ya a gari.

Suka aro sikelin ratayawa a wurin wani mai sayar da hatsi, suka koma. Da izinin manoman suka auna buhu 10 da aka cika aka ɗinke ana jiran mota, kowanne aka rubuta nauyinsa, da sunan mai shi a wani littafi na daban, aka ɗauki hoton allurar sikelin. Sannan suka je kasuwar Argungu suka auna buhunan da ake sayarwa a fili. Bambanci akwai shi, kowane buhu na mai bashi ya fi na kasuwa nauyi. Sai dai bai kai yadda dattijon ya faɗa ba, kuma ba ɗaya ba ne daga buhu zuwa buhu. Wannan ya sanyaya musu gwiwa, har abokin aikinta ya ce labarin ya mutu. Bai mutu ba, yanzu ne ya zama nasu, domin wannan ne abu na farko da suka gani da idonsu.

Saura jin ta bakin wanda ake zargi, abin da ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 suka wajabta ƙarƙashin gaskiya da adalci. Ɗalibai sukan haddace wannan don jarrabawa. Shiga shagon dattijon da ya girmi ubanka, wanda kuma kuɗinsa ke cikin asusunku, ka ce masa ana cewa kana tauye awo, wani abu ne daban. Sun yi sallama, sun gaisa yadda ya kamata, ta ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, akwai maganar da muka ji a fadama, ba ma so mu buga sai mun ji taka." Ya saurara har ta gama. Sannan ya ce: "Ɗiyata, wa yac ce maki busassa sunka kawo mani?" Ya tura yaronsa ya ɗebo shanshera daga buhu biyu, ya ce ta ciza. Ɗaya ta ƙarye ƙas, ɗaya ta lotse a haƙori. Ya ce da yawa da ɗanyenta suke cikawa, ga ƙaiƙayi ga tsakuwa, shi zai shanya ya sheƙe kafin injin casa ya karɓa. Ya ƙara da cewa akwai masu karɓar kuɗinsa su sayar wa wani da dare, kuma shekarar ambaliya kuɗinsa ruwa ya tafi da su, bai kai kowa kotu ba.

Suka kai maganar wurin wani malamin gona. Ya tabbatar musu cewa shinkafa takan fito daga gona da danshi kashi 20 zuwa 25 cikin 100, kuma sai ta sauko kusan kashi 14 ake ajiye ta ko a casa. Suka buga lissafi: buhun da ya auna kilo 100 da danshi kashi 24, in ya bushe zuwa 14 zai dawo kusan kilo 88. Ashe Alhajin yana da gaskiya a wani ɓangare. Amma da suka koma littafinsu sai suka ga abin da babu wanda ya faɗa musu, ba manoman ba, ba Alhajin ba. Cikin buhunan da suka auna akwai na mutum biyu da suka shanya tasu a tamfol ta bushe sarai, kuma su ma da wannan babban buhun aka karɓa. Wanda ya kawo ɗanya ya biya ladan danshi, wanda ya wahala ya busar shi ma ya biya ladan danshin da babu. Tsarin yana hukunta mai gyara kayansa. Wannan ya fi zargin farko ƙarfi, domin ba ya buƙatar a kira kowa ɓarawo, kuma yana da magani: a auna da sikeli, a bambanta busassa da ɗanya, a rubuta yarjejeniya.

Kanun labarin ya ci zama guda. Wani ya kawo shawarar a ɗora ayar farko ta Suratul Muɗaffifina, wadda ke gargaɗin masu tauye awo, da manyan baƙaƙe a bango. Kowa ya ji ta zauna. Na ce musu duk wanda ya ɗora aya a kan labarin mutum ya riga ya yanke masa hukunci da abin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, alhali abin da suka auna bai kai su can ba. Na kuma tuna musu cewa a dokar Final Kod ta Arewa, wato dokar hukunta laifuka, ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, ba ƙarar diyya kaɗai ba. Abin da ya hau bango a ƙarshe tambaya ce: "Bashin rani: da wane buhu za a biya?" Ba a ambaci sunan Alhajin ba, saboda al'adar ta masu saye da yawa ce, su kuma na mutum ɗaya suka auna. An kawo bayaninsa cikakke, har da batun masu gudu da kuɗi.

Manoman ma an sakaya sunayensu. Dattijon nan da farko cewa ya yi a sa sunansa da hotonsa, shi ba ya tsoron kowa. Editar ta ce ba za ta karɓi wannan izini ba sai an koma an karanta masa sakin layin da babbar murya, an kuma gaya masa cewa mujallar za ta kai shagon Alhaji da kasuwar Jega. Aka koma aka karanta masa a gaban ɗansa. Ya yi shiru, sannan ya ce a bar maganar, a cire sunan, baɗi ma noma zai yi. Ina ganin wannan ne mafi kyawun abin da yaran suka yi a duk aikin. Mutumin da bai saba da rubutun boko ba yakan ɗauki hira a matsayin hira, bai san tana da ƙafa ba, kuma wajibin mai rubutu ne ya nuna masa iyakar inda za ta je.

Sai tallan. Alhaji bai ce a janye labarin ba. Yaronsa kawai ya turo ya tambaya ko tallansu yana nan a bangon baya. Manajan talla ya tsaya kai da fata cewa a bar shi: manyan jaridu suna buga tallan banki a shafi ɗaya, su buga labarin badaƙalar banki a wani, kuma mayar da kuɗin girman kai ne da zai kashe mujallar. Maganarsa ba ta banza ba ce, a jaridar da ke fita kullum da masu talla barkatai haka ake yi. Amma wannan fitowa ɗaya ce a garin da kowa ya san kowa. Mai karatu zai ga labarin mai saye da aka sakaya sunansa, ya juya baya ya ga tallan mai saye, ya haɗa biyu da biyu: ko dai ya gane mutumin, sakayawar ta tashi a banza, ko ya ce an saye su ne shi ya sa aka ɓoye sunan. Suka kaɗa ƙuri'a, masu cewa a mayar suka yi rinjaye. Editar da manajan tallan suka kai kuɗin da kansu, da ban haƙuri.

Abin ya yi tsada. Shafi 40 suka koma 32, launin tsakiya ya tafi, bango kaɗai ya rage. Shafi 8 da aka zubar ba farar takarda ba ce, aikin mutane ne: waƙoƙi, rabin ɓangaren Turanci, da wata doguwar hira da wani mai sarauta wadda yaron da ya yi ta ya sha zirga-zirga kafin a ba shi lokaci. Ya yi fushi ya daina zuwa, kuma bai dawo ba har aka gama.

A maɗaba'a

Fastocin 'yan siyasa sun cika injin, masu su kuma suna biya nan take, don haka aikin ɗalibai ya yi ta komawa baya. Wuta ba ta tsayawa, gas ɗin janareta ya yi tashin gwauron zabi, mai maɗaba'ar ya ce musu farashin da ya faɗa ba ya kwana bakwai. Faranti ma ba a wurinsa ake yi ba, sai an tura wani gari a dawo da shi a mota. Da aka buɗe aikin a kwamfutarsa, duk inda ɓ da ɗ da ƙ suke sai ga ɗan akwati fanko, saboda salon baƙaƙen da ke cikinta bai san su ba. "Ƙasa" ta zama akwati da "asa". Yaron da ke tsara shafi ya koma gida ya mayar da duk rubutun zane a manhajar CorelDRAW, yadda kowace kwamfuta za ta nuna shi yadda yake. Hotunan da aka turo ta WhatsApp kuwa sun dagargaje, domin manhajar tana matse hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba, bugu kuma yana son ɗigo 300 a kowane inci. Sai da aka bi masu wayoyin ɗaya bayan ɗaya aka kwaso na asali.

Mayar da rubutu zane yana da illa: ba ya gyaruwa. A daren ƙarshe wani akwatin bayani ya ɗan fita daga gefen shafi, yaron maɗaba'a ya goge shi ya sake bugawa da hannunsa don ya taimaka, kuma babu wanda ya sake dubawa kafin a yi faranti. Da mujallar ta fito, inda aka ce danshi kashi 14 sai ga 41, a tsakiyar babban labarin, a kan adadin da duk hujjar ta jingina. Sake buga fallen ya fi ƙarfinsu. Suka buga 'yar takardar gyara, suka zauna da almakashi da gam suka manna ta a kwafi 500, ɗaya bayan ɗaya, har bayan isha'i. Tun daga ranar babu wanda ya sake ce mini duba shafin ƙarshe ɓata lokaci ne.

Abin da ya biyo baya

Sun sayar a sakatariya da tashar mota da kasuwannin Jega da Argungu, sun ba manoman nasu kyauta. Kuɗin bai dawo duka ba. A ƙauyen an karanta labarin a majalisa, kuma ƙungiyar manoman wurin ta kai maganar gaban Alhaji. Aka amince cewa wanda ya kawo busassa za a ɗora tasa a sikeli. A ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su kuwa ana nan yadda ake. Akwai kuma abin da ya fi damuna. Ƙauye ƙarami ne, sakaya suna bai hana mutane hasashe ba, kuma da rani ya zagayo ɗaya daga cikin manoman huɗu bai samu bashi ba. Shi ya ɗora abin a kan mujallar, Alhaji ya ce tsohon bashi ne bai cika ba. Ɗiyar ƙanwata ta yi kwanaki ba ta da walwala. Ban ce mata ba komai ba, domin da komai. Da sun faɗaɗa hirar zuwa ƙauyuka uku ko huɗu da masu saye daban-daban, da hasashen ya yi wuya, kuma labarin ya fi ƙarfi. Kuɗin mota ne ya hana, wanda ke nuna cewa kasafin mujalla ma yana cikin abin da ke kare majiya ko ya tona ta.

Shi ya sa nake roƙon sassan koyar da jarida su bar mujallar gwaji ta fita ƙofar makaranta, ta taɓa mutanen da za su iya zuwa su yi ƙorafi. A ba da maki a kan jakar hujja, wato muryoyin da aka naɗa, littafin awo, da shaidar an nemi ɗaya ɓangaren, kamar yadda ake bayarwa a kan daɗin rubutu. Takardar lissafin bugu ita ma a duba ta, ɗalibi ya san kuɗin faranti da rim ɗin takarda da wanda ya biya su, ya kuma san cewa mujallar da za ta ɗore tana buƙatar lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, inda doka ta ce mai bugu ya ajiye kwafi 3. A yankin da manomi da 'yar kasuwa da direba Hausa suke karantawa, bai dace a yaye ɗan jarida bai iya rubuta ta daidai ba.

Da aka janye yajin a Oktoba kowa ya koma makarantarsa. Sun shirya fitowa ta biyu a kan asarar da manoman albasa na Aliero ke yi wajen ajiya, sun yi wasu hirarraki sun ɗauki hotuna. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da barin kasuwa ta yanke darajar Naira a Yuni, kuɗin takarda da na mota suka wuce abin da za su iya haɗawa, har suka kammala karatu ba ta fito ba. Editar tana aiki yanzu da wata kafar labarai ta intanet, ɗan Augie ya koma fadama yana taimakon mahaifinsa kafin aiki ya samu, su biyun ne kuma ke neman mai ɗaukar nauyin zirga-zirga don su ƙarasa rahoton albasar, wannan karon daga ƙauyuka da yawa.